Kwalin koyon haɗa lantarki na Naira 12,000: abin da tela ya gani a ciki

Ni tela ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina taka keken ɗinki a wajen Ƙofar Guga, kuma kafin hunturun bana iyakar sanina a harkar lantarki shi ne canza ƙwan fitila da ɗaure wayar dutsen guga in ta ƙone. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san daga bakin wa yake jin labari. In kai injiniya ne, ko ka zauna aji a kwalejin Hassan Usman, babu abin da zan ƙara maka. Da masu irin hannuna nake magana.

Keke ne ya jawo maganar. Ba na ɗinki ba, ba kuma Napep ba, keken hawa na yarona mai shekara 13, wanda yake zuwa Islamiyya da shi ya dawo bayan magariba. Wata rana ina tsaye a bakin shago na hango shi zai karyo kwana ya shigo lungunmu. Ya miƙa hannu kamar yadda na koya mashi, amma ga hazo ga duhu ya fara, mai babur ɗin da ke bayansa bai ga hannun ba. Allah ya tsare, gefen taya kawai ya goga, suka yi tangal-tangal kowa ya tsaya. A daren nan muna cin tuwo ya ce, "Baba, mi zai hana a sa ma keke sigina irin ta babur?" Na ce to a sayo. Ya ce a'a, mu haɗa da kanmu, ya ga ana yi a YouTube.

Shi ya nemo tallar a Facebook. Wani bawan Allah ne a Kano yake sayar da kwalin kayan koyo, ya rubuta da Hausa cewa ko ba ka taɓa riƙe waya ba za ka haɗa sigina da danja a rana ɗaya. Muka yi magana ta WhatsApp, na tura Naira 12,000 da kuɗin mota 1,500, ya yi webil, washegari da la'asar na karɓo a tasha. Ta wannan fuskar ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ya ɗauki hoton kayan kafin ya rufe, ya turo lambar direba, abin da na gani a hoto shi na tarar a kwali.

Ga abin da ke ciki. Allon gwaji guda ɗaya mai ramuka 830, na sa tef na auna, inci shida da rabi ne tsawonsa. Damin wayoyi masu tsini a kowane baki. Ƙananan ƙwayayen fitila irin waɗanda masu gyara ke cewa led, kala biyar, kowace kala guda biyar. Razisto iri goma a jere a kan takarda mai danƙo, kafasito manya da ƙanana, ayisi, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu a jere da aka ƙunsa haɗin lantarki a cikinsa, mai lamba NE555 guda biyu, mai lamba CD4017 guda ɗaya, taransisto biyar, dayod biyar, maɓallan dannawa, da hular batir mai bolt 9. Sai takarda ɗaya, fotokofi, gaba da baya, da Turanci. Babu batir, babu mitar gwajin wuta. Rashin batir ba komai ba ne, ana samunsa a kowane tebur. Rashin mitar kuwa za mu zo kansa, don shi ne ya ci mani dare biyu.

Allon gwajin shi ne abin da na fi yabawa a kwalin, kuma na gane amfaninsa nan take domin muna da irinsa a sana'armu. Kafin in taka babbar riga a keke nakan kama ta da allurar hannu, in duba zamanta, in bai yi ba in warware ba tare da yadi ya ji ciwo ba. To haka allon yake. Ana soka ƙafafun kaya a ramuka ba tare da dalma ba. Ramukan tsakiya biyar-biyar suke haɗe ta ƙarƙashi, akwai kwari a tsakiyar allon inda ayisi ke zama ya raba ƙafafunsa biyu, a gefe kuma dogayen layuka ne, ja da shuɗi, na kai wuta. In ka yi kuskure ka zare ka sake. Daga baya na zagaya shaguna uku a babbar kasuwa ina tambayar irinsa don wani abokin yaron, ban samu ba. Saboda haka ko don allon kaɗai, kuɗin bai tafi a banza ba.

Daren farko, tun ba a je ko'ina ba, muka yi asarar ƙwai ɗaya. Na ɗauki ja na ɗora ƙafafunsa kai tsaye a bakin batir don in ga ko yana aiki. Ya yi wani haske kamar walƙiya, ya ce ƙyas, ya mutu, ɗan wari ya tashi. Takardar ba ta yi gargaɗi ba, zane kawai ta yi. Yaron ne ya tashi ya ɗauko littafinsa na makaranta, ya buɗe mani dokar Ohm, wani Bajamushe da ya fitar da ita a 1827. Lissafin ashe bai kai na yankan yadi wuya ba. Jan ƙwai yana cin kusan bolt 2, batir yana ba da 9, saura 7 ke nan, kuma dole a samu abin da zai shanye wannan ragowar. Ƙwan bai son wutar da ke ratsa shi ta wuce miliam 20, wato am 0.02, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. In ka raba 7 da 0.02 ka samu 350, wato ana buƙatar razisto mai om 350 ko sama da haka. A kwalin akwai 330 akwai 470. Muka ɗauki 470, wanda ke barin kusan miliam 15 ta wuce, ƙwai na biyu ya kama, har yau yana nan da ransa. Doguwar ƙafa ita ce ta fozitif, gajeruwa ta nagatif, kuma in ka juya su ba ya kamawa, shi ke nan. Duka wannan bayanin layi huɗu ne da an rubuta shi a takardar.

Sai maganar kalar razisto, wadda ta ƙona mani rai fiye da kima saboda ta taɓa sana'ata. Ni da nake bambance zare ruwan ƙasa da ruwan goro daga ƙofar shago, sai ga ni na kasa karanta zobe biyar a jikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Jadawalin da ke takardar na razisto mai zobe huɗu ne, irin mai jiki ruwan yashi. Waɗanda ke cikin kwalin kuwa shuɗaye ne masu zobe biyar, kuma a kan shuɗin jiki ja da ruwan ƙasa da ruwan goro duk kusan ɗaya suke, balle da dare a hasken fitilar caji. Mai om 470 a zobe huɗu rawaya ne, shunayya, ruwan ƙasa. A zobe biyar kuwa rawaya, shunayya, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa. Mai om 1,000 ya fi kowa mugunta: ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, ka rasa ta wane kai za ka fara. An buga lamba a kan takardar da ke riƙe da su, amma da ka cire guda ka ajiye a tabarma ya zama marar suna. Abin da na yi, na ɗauki ragowar shadda na ɗinka jaka mai aljihu goma, na rubuta lamba da biro a bakin kowane aljihu. In kana da tela a kusa, ka ba shi wannan aikin, minti goma ne.

Da muka ga ƙwai ya kama sai zumuɗi ya ɗebe mu, muka hau haɗin sigina da NE555. Muka bi zanen waya bayan waya. Muka sa batir. Shiru. Muka zare komai muka sake. Shiru. Na canza ayisi na sa ɗan'uwansa, na canza ƙwai, na aiki yaron ya sayo sabon batir, duk a banza. Dare na biyu ma haka, har uwar gida ta leƙo ta ce in dai wannan ne aikin da ya hana a kwanta, gara a saya mashi tocila ya ɗaura a keken. Na tura wa mai kayan saƙo. Ya amsa da ladabi, ya ce shi yadda kayan suka zo mashi daga Legas haka yake sayarwa, sannan ya turo mani bidiyon wani Ba'indiye yana bayani da yarensa. Na kalla har ƙarshe. Hannunsa dai na gani, bakinsa ban ji ba.

Rana ta uku bayan azahar na sa allon a leda na ɗauki yaron muka tafi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da na daɗe ina wuce shagonsa. Shago ne ɗan ƙarami, gawarwakin rediyo da talabijin masu ƙeya sun cika shi har rufi, shi kuma yana zaune a kan benci da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ƙaramin abu ne ya gagare mu." Ya karɓa ya jujjuya, bai ko dubi takardar ba. Ya ce, "Malam tela, ina mitarka?" Na ce babu. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka taɓa yanka yadin mutane ba tef?" Ban ce komai ba.

Ya jawo tsohuwar mitarsa mai allura, ya ɗora baƙin tsinke a layin shuɗi, ya riƙa bin layin ja da jan tsinke rami bayan rami. Allura tana tsaye a 9, tana tsaye a 9, yana wuce tsakiyar allon sai ta faɗi ƙasa. Ya nuna mani da farce: zanen jan layin da kansa ya yanke a daidai tsakiya, ɗan taƙin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Wasu allunan haka ake yin su, layin wutar gefe rabi biyu ne, sai ka haɗa su da 'yar waya. Mu kuwa mun sa batir a wannan kai, mun sa ayisi a wancan. Dare biyu muna roƙon abin da ko ɗigon wuta bai isa gare shi ba. Ya sa gajerun wayoyi biyu ya haɗe layukan. Har yanzu bai kama ba. Ya mayar da mitar wajen gwajin tsinkewa ya riƙa gwada wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda biyu a gefe: a waje lafiya lau, a ciki a katse. Da muka koma gida na gwada damin gaba ɗaya, na samu ƙarin biyu. Wannan laifin kwalin ne kai tsaye, kuma babu yadda ɗan koyo zai gane shi da ido.

Ya canza wayar, ƙwan ya fara ƙyaftawa. Yaron ya yi tsalle har ya ture wani murfin rediyo. Amma ƙyaftawar ba ta sigina ba ce, sauri take kamar fitilar gidan biki. Baba ya ce wa yaron, "Abokina, zauna, yanzu za ka ga abin da ke faruwa a ciki."

Wannan shi ne abin da ya fi komai daraja a duk tafiyar, kuma ba ya cikin kwali. Ya zare ƙaramin kafasito mai maikrofarad 10 ya sa mai 100, ya zare razisto ɗaya ya sa mai om 47,000, sannan ya ɗora tsinken mita a ƙafar kafasiton. Sai ga allura tana hawa a hankali, a hankali, ta kai 6, ƙwai ya mutu, ta fara sauka, ta kai 3, ƙwai ya kama, ta sake hawa. Kowane zagaye ya fi sakan shida. Muka zuba mata ido kamar masu kallon numfashin jariri. Ya ce kafasito randa ce, razisto kuma siririyar mesa ce da ke zuba mata ruwa. Shi ayisin mai gadi ne da aka ba umarni biyu kawai: in randa ta kai kashi biyu cikin uku ya buɗe mata ta zube, in ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku ya toshe ta sake cika. Lokacin cika fitila na kunne, lokacin zuba tana kashe. Kana son ta yi jinkiri, ka ƙara girman randa ko ka matse mesa. Tun daga wannan rana ban sake kallon zanen a matsayin tsafi ba.

Ga yadda haɗin yake ga mai son gwadawa. Ka riƙe ayisin tsagarsa tana sama, ƙafar da ke kusa da ɗigo ita ce ta 1, ka sauko ta hagu har 4, ka tsallaka dama ta ƙasa ka hau daga 5 zuwa 8. Ƙafa ta 1 tana zuwa nagatif, ta 8 da ta 4 suna zuwa fozitif. Ta 2 da ta 6 a haɗe su da waya. Razisto na farko tsakanin 8 da 7, na biyu tsakanin 7 da 6. Kafasito daga 6 zuwa nagatif, kuma gefen da ke da farin layi a jikinsa shi ne na nagatif, kada a juya shi, don yakan kumbura ko ya fashe. Ƙafa ta 3 ita ke fitar da wuta zuwa ƙwai ta cikin razistonsa. Ta 5 ana sa mata ɗan ƙaramin kafasito mai lamba 103 zuwa nagatif.

Saurin ƙyaftawa yana da lissafinsa: ka ninka razisto na biyu sau biyu, ka tara da na farko, ka ninka da kafasito (maikrofarad 10 ana rubuta shi 0.00001), sannan ka raba 1.44 da abin da ka samu. Takardar ta ba da om 1,000 da 10,000 da maikrofarad 10, wanda ke ba da kusan sau 7 a sakan ɗaya, shi ya sa muka ga fitilar biki. Da muka bar om 1,000, muka sa 47,000 da maikrofarad 10, sai ya koma sau ɗaya da rabi a sakan, kusan 90 a minti. Ƙa'idar siginar mota kuwa tsakanin 60 ne da 120 a minti, mun faɗa tsakiyarta daidai. Razisto mai om 47,000 yana cikin kwalin tun farko, mai zanen ne bai damu ya nuna shi ba. Wani abin da ya ba ni mamaki, wannan ayisi mai ƙafa takwas ya girme ni. Wani injiniya ɗan asalin Suwizalan, Hans Camenzind, ya tsara shi a 1971 ga kamfanin Signetics na Amurka, ya shiga kasuwa a 1972, har yau kuma ana buga shi ba a canza mashi lamba ba.

Na tambayi Baba nawa zan ba da, ya ce in bar shi, in dai kawo mashi wandonsa biyu a rage tsawo. A hanyar komawa na tsaya na sayi mita mai lambobi, irin rawayar nan, Naira 5,500. Duk wanda zai sayi kwalin nan ya sa kuɗin mita a lissafinsa tun farko, domin da ita za ka karanta razisto ba tare da ka ƙura ido a zobe ba, da ita za ka gane waya mai ciwon ciki, da ita za ka san ko batir ya mutu. A ganina mai sayarwa ya ƙara kuɗi ya sa mita a ciki ya fi mashi mutunci da ya ce rana ɗaya ta isa.

Daga allo zuwa keke kuma wata tafiya ce, kuma a nan kwalin ya sauka ya bar mu. Allon gwaji ba na titi ba ne, rami ɗaya za ka faɗa wayoyi su zazzago. Dole a mayar da haɗin kan allon bero, wato allo mai ramuka da tagulla a bayansa, a kama da dalma. Babu bero a kwalin, babu dalma, babu ƙarfen narka ta, babu makunnin hagu da dama. Duk a wajen Baba da maƙwabcinsa muka haɗa. Shi ya koya mani riƙon ƙarfen: ka ɗumama ƙafar da tagullar tare, sannan ka kawo dalma ta narke a kansu, ba ka ɗebo ta a bakin ƙarfe ka shafa kamar man shanu ba. Rannan an ɗauke wuta, a kan risho ya gasa wani tsohon ƙarfe mai kan tagulla muka yi aikin. Ya sa na sayi kujerar ayisi, ita ake kamawa da dalma, ayisin kuma a danna shi a kai bayan ta huce, in ya mutu a zare a sa wani. Ya kuma ce a wanke hannu kafin a ci abinci, don dalmar akwai gubar darma a cikinta.

Batir mai bolt 9 ma ya ba mu darasi. Da farko makunnin yana zaɓar hagu ko dama ne kawai, ayisin kuwa yana kunne dare da rana. Shi NE555 ko bai kunna ƙwai ba yana shan 'yan miliam a zaune, kwana uku batir ya kwanta. Na yi tunanin sa batirin tsohuwar waya, amma nasa bolt 3.7 ne, ayisin kuwa sai daga 4.5 yake aiki yadda ya kamata. Muka koma batir ɗan yatsa guda huɗu, bolt 6, da makunni mai ƙafa shida mai tsayawa a tsakiya: ɓangare ɗaya yana ba haɗin wuta, ɗayan yana zaɓar gefe, a tsakiya komai a kashe. Na zaci sauya batir zai sauya saurin ƙyaftawa, ashe a'a, tunda mai gadin kashi-kashi yake aunawa, ba yawan bolt ba. Muka sa allon a cikin wata robar man shafawa da ta ƙare, na ɗinka mata riga ta ledar kujera, muka ɗaure a ƙarƙashin sirdi.

Ƙwayayen kwalin ba na hanya ba ne, wannan ma a sani. Masu jiki mai kala ne, haskensu a baje yake, a ɗaki suna da kyau, a waje ba sa kai ko'ina. Kuma rawaya biyar ne, mu muna son uku-uku. Muka sayi masu jiki garau kamar ruwa waɗanda ke ba da rawayan haske, kowanne da razistonsa mai om 220. Na tsayar da yaron a bakin lungu bayan isha'i na yi ta ja da baya, na wuce turakun lantarki biyu ina ganin ƙyaftawar sarai. Da rana tsaka kuwa, a ranar Katsina, ko ka kunna ko ba ka kunna ba duk ɗaya. Saboda haka doka tana nan: sigina ko ba sigina, sai ya waiwaya ya miƙa hannu.

Wani maƙwabcina da ya gani ya ce in haɗa mashi a babur ɗinsa, tasa ta daina ƙyaftawa. Na ce a'a. Ƙwan siginar babur mai wat 10 a bolt 12 yana jan sama da miliam 800, ƙafa ta 3 ta wannan ayisi kuwa iyakarta 200, zai gasa shi ne kawai. Akwai yadda ake yi da babban taransisto, amma ga filasha, abin da ke sa siginar babur ƙyaftawa, tana nan a wajen masu kayan babur da araha, mi zai kai ni. Haka kuma na kafa wa yaron sharaɗi da babbar murya: duk abin da ke cikin kwalin nan na batir ne, ranar da na ga ya kusanci soket ɗin bango da shi, ranar zan kulle kwalin a shago.

To, in aka tambaye ni a saya ko kada a saya? In kana da wanda zai duba maka a kusa, kuma za ka ƙara kuɗin mita, ka saya, allon da tarin razisto da ayisi biyun sun biya kuɗin sabulu. In kuwa kai kaɗai ne da takardar nan, akwai yiwuwar ka yi dare biyu irin nawa ka jefa kwalin a saman sif ka ce kanka ne bai ja, alhali waya ce a katse. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutumin da ya iya rubuta talla da Hausa mai daɗi ya iya yin shafi ɗaya da Hausa, ko saƙon murya na minti biyar, ya ce kada ka sa ƙwai ba razisto, ka duba tsakiyar layin wuta, ka gwada wayoyinka. Na faɗa mashi haka, ya ce in sha Allahu zai duba.

Danjar da aka yi mana alkawari har yanzu tana kan allo. Tsarinta shi ne NE555 ya riƙa bugawa a hankali, CD4017 yana ƙirga bugun daga ɗaya zuwa goma yana kunna ƙafafunsa bi da bi, sai a tara huɗu a ba ja, ɗaya a ba rawaya, huɗu a ba kore, ɗaya a sake ba rawaya. Da muka fara gwadawa sai ya riƙa tsalle-tsalle kamar mai iskokai, in yaron ya kawo hannu kusa ya ƙirga, in ya janye ya tsaya. Baba ya ce ƙafa ta 13 da ta 15 ne muka bari a sake, dole a ɗaure su a nagatif, zanen kuma bai nuna ba. Ya ƙara da cewa irin wannan ayisin bai son wutar jiki, wadda ni na san ta sarai, don a hunturu in na gama jan yadin roba na taɓa kan keke sai ta ce mani tsat. Yanzu kafin mu taɓa shi sai mun dafa ƙofar ƙarfe. Taransistocin ma takardar ta zana BC547 ne, na cikin leda kuwa S8050, ƙafafunsu na gefe a juye suke da juna. Duk mun gyara waɗannan. Abin da ya rage dayod ne, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai: kowace ƙafa da za a tara tana son nata, goma ke nan, kwalin ya zo da biyar. Baba ya ce yana da su a cikin wata tsohuwar talabijin, in zo in cire da kaina in ƙara koyon riƙon ƙarfe. Ga azumi ya ƙarato, yaduka sun fara taruwa a kan tebur, wandunansa biyu ma ban rage ba tukuna. Na ce wa yaron sai bayan Sallah.